Harsashi 180 kacal: bindigar jirgin yaƙi tana da sauran amfani kuwa?

Bala_Lugbe
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana, masu sani su warware mini. Jirgin nan F-35A na Amurka da ake ta kururutawa, ashe harsashi wajen 180 kawai bindigarsa ke ɗauka, alhali tana aman 3,300 a minti ɗaya. Na buga lissafi a waya, sakan 3 da 'yan kai ke nan ta ƙare. Ni dai a ganina bindiga a jirgin yaƙin zamani ado ce kawai. Yanzu zamanin makami mai linzami ne, a harbo ka daga inda ko ɗigon jirgin ba ka hango ba. Gara a cire ta a zuba mai a gurbinta. Ko akwai abin da ya shige mini duhu?

DanKubwa
Wa alaikumussalam. 180? Anya Malam Bala ba ka yar da sifili ɗaya a hanya ba?

Injiniya_Gwarinpa
Bai yar da komai ba, haka abin yake. Kuma ba F-35 kaɗai ba ne. F-16 harsashi 511 yake ɗauka, bindigarsa M61 Vulcan mai baki shida tana fitar da 6,000 a minti, wato 100 a kowane sakan, ka ga sakan 5 ke nan. MiG-29 da Su-27 na Rasha 150 suke ɗauka. Typhoon na Turai 150, Rafale na Faransa 125. Ko F-15C da ake ganin ya fi su wadata 940 ne, bai cika sakan 10 ba. Inda lissafinka ya karkace, Malam Bala, shi ne ka ɗauka matuƙi danne kunama yake yi ya riƙe. A sama damar harbi ba ta wuce rabin sakan ko sakan ɗaya, abokin gaba ya gifta ya wuce. Saboda haka sakan 3 ɗin nan da ka raina harbi ne sau huɗu ko biyar, kuma da wuya faɗa ɗaya ya ba mutum dama har sau biyar.

Bala_Lugbe
To me ya sa ba za a rage mata gudu ba, harsashin ya daɗe? Ɓarna ce ai.

MalamSabo_Karu
Bari in shigo nan, tunda lissafi ne abincina, fiziks nake koyarwa. Ɗauki jirgi mai tsawon mita 15 yana gudun kilomita 900 a awa, wato mita 250 a sakan, ya gifta ta gabanka. Lokacin da zai ɗauka ya wuce wuri ɗaya a sararin sama sakan 0.06 ne. Idan AK-47 ce a hannunka, mai harsashi 10 a sakan, zai iya ratsa tsakanin harsashi da harsashi ko ƙwarzane babu. Idan Vulcan ce, harsashi wajen 6 ne za su riske shi a wannan ɗan tsakanin. Dalilin gudun ke nan.

Sai kuma babbar matsalar, wato saiti. Harsashin yana barin baki da gudun mita 1,000 da ɗoriya a sakan, iska tana rage shi. Kafin ya ci mita 600 ya ɗauki wajen sakan 0.6. A wannan lokacin jirgin da kake nufi ya matsa mita 150, tsawon jikinsa sau goma, harsashin kuma ya sunkuya ƙasa kusan mita 2. Wanda ya auna jirgin kansa ya yi asarar harsashi. Fili ake aunawa, inda babu kowa tukuna. Kuma kai ma ba a tsaye kake ba, kana cikin kwana, nauyin jikinka ya ninka sau biyar ko shida, jini yana sauka daga kanka.

Baffa_Zuba
Malam Sabo, abin da mahaifinmu ke faɗa mana ke nan a farauta da baushe. In zabo ya tashi, kada ka harbi zabo, harbi inda za shi. Ashe har a sama dokar ɗaya ce.

MalamSabo_Karu
Ita ce, Baffa, sai dai a can na'ura ke taya mutum. Turawan Ingila sun fito da ma'aunin saiti mai lissafa kwanar da jirgi ke sha tun ana yaƙin duniya na biyu. A yaƙin Koriya F-86 na Amurka ya zo da ƙaramar rada a hanci mai auna nisa, shi ya sa duk da ƙananan bindigoginsa shida na milimita 12.7 ya iya karawa da MiG-15 mai igwa ta milimita 37 ɗaya da na 23 guda biyu. Yau kwamfuta ce ke zana wa matuƙi ɗigo a gilashin da ke gabansa. Aikinsa ya tuƙa jirgin har ɗigon ya hau kan abokin gaba. Bindigar a kafe take, ba ta juyawa, jirgin gaba ɗaya ake juyawa.

AbuSafwan
@Bala_Lugbe wannan maganar taka an yi ta tun kafin a haife mu, kuma an biya kuɗinta da rayuka. Amurkawa sun ƙera F-4 Phantom ba bindiga a jikinsa, suka ce zamaninta ya wuce. Da aka shiga Biyetnam sai makaman suka ba su kunya. Makami mai linzami Sparrow mai bin rada, cikin kowane 100 da aka harba ko 10 ba su kakkaɓo jirgi ba. Ga zafi da laima suna lalata kayan wuta, ga doka ta ce sai ka ga jirgi da idonka ka tabbatar na abokin gaba ne kafin ka harba, in kuwa ka matso har ka gan shi, sau da yawa ka yi kusa da yawa, makamin ba zai yi aiki ba. Su kuma MiG-17, tsohon jirgi, yana da igwoyinsa. A 1967 dole aka fara rataya wa Phantom akwatin bindiga a ƙarƙashin tumbi, daga baya aka fito da F-4E mai Vulcan a hanci. A shekarar 1967 ɗin dai, a yaƙin kwana shida tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa, akasarin jiragen da Mirage na Isra'ila suka harbo da igwa DEFA ta milimita 30 suka harbo su. Tun daga nan kowa ya shiga taitayinsa.

Hadiza_Wuse2
Malam AbuSafwan, rabin labarin ka bayar. Sojan sama ne suka saka bindiga a F-4E. Sojan ruwan Amurka ba su taɓa saka ta a cikin nasu Phantom ɗin ba. Abin da suka yi shi ne buɗe makarantar Topgun a 1969, suka koya wa matuƙa yadda ake faɗa da kuma inda makami ke ci da inda ba ya ci, suka gyara yadda ake kula da makaman. Da aka koma faɗa a 1972 su ne sakamakonsu ya fi gyaruwa, ba masu bindigar ba. Don haka Biyetnam hujja ce ta horo fiye da yadda take hujjar bindiga. Sannan makamin 1965 ba shi ne na yau ba. A yaƙin Fokland na 1982 makami mai linzami Sidewinder sabon samfuri ne ya yi wa jiragen Ajantina ɓarna. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 kusan duk abin da aka harbo a sama da makami mai linzami ne. Wanda aka harbo da bindiga jirage masu saukar ungulu ne guda biyu na Iraƙi, kuma A-10 ne ya harbo su, jirgin da ba don faɗan sama aka yi shi ba. Ni ina bayan Malam Bala, da sharaɗi.

Bala_Lugbe
Allah Ya saka da alheri Hajiya. Na fara jin kamar ni kaɗai ne a fili.

AbuSafwan
Hajiya Hadiza, na ji, amma in haka ne me ya sa F-14 da F/A-18 da sojan ruwan suka saya bayan Phantom duk suka zo da Vulcan a ciki? Su da suka yi nasara ba bindiga, su suka nemi a mayar musu da ita.

Hadiza_Wuse2
Su ɗin ne kuma yau suka karɓi F-35C ba bindiga a ciki, sai in an ga dama a rataya masa akwati mai harsashi 220. F-35B ma haka. Samfurin A ne kawai ke da ita a jiki.

Yaro_Nyanya
Ku bar wannan, ku zo mu yi maganar A-10!! Wanda bai ji ƙarar bindigar nan a YouTube ba bai ji komai ba. An ce in ya daɗe yana harbi jirgin tsayawa yake yi cak a sama saboda ƙarfinta.

Injiniya_Gwarinpa
Ƙanena, wannan ƙarin gishiri ne, amma yana da tushe. Bindigar A-10, wato GAU-8, baki bakwai gare ta, milimita 30, harsashi 3,900 a minti, kuma ƙarfin da take tokarar jirgin baya ya ɗan fi ƙarfin inji ɗaya daga cikin injinansa biyu. Sai dai harbin sakan ɗaya ko biyu ne, jirgi mai nauyin tan da yawa ɗan gudu kaɗan yake ragewa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka zauna da ita: an gusar da tayar gaba gefe guda don bakin da ke harbi ya zauna daidai tsakiyar jirgin, in ba haka ba duk harbi sai hancin ya karkace. Ƙarar da kake ji kuwa, wanda aka harba ba ya jin ta sai bayan harsashin ya sauka, don ya fi sauti gudu.

TsohonSoja_Mararaba
Salamu alaikum. Jikata ce ta nuna mini wannan hira, na ce bari in sa baki. Ni ma'aikacin makamai ne a sojan sama kafin in yi ritaya, na yi aiki a kan MiG-21 a Makurɗi. Bindigarsa GSh-23 ce, baki biyu, tana kwance a ƙarƙashin tumbin jirgin, harsashi 200. Yadda aka yi ta, in wannan baki ya tashi, ƙarfinsa ne ke ɗana wa ɗayan, haka suke karɓa-karɓa, ba ta bukatar inji ko lantarkin da zai juya ta. Dabarar wani Bajamushe ce mai suna Gast tun yaƙin duniya na farko, Rashawa suka ɗauka suka raya.

Ku kuna maganar sakan uku, mu wannan sakan ukun yini muke yi a kansa. Jigidar harsashi a kan tebur ake shimfiɗa ta, a bi ta ɗaya bayan ɗaya da hannu. Harsashi ɗaya ya ɗan leƙo gaba ko ya noƙe baya a cikin maƙalinsa, to a nan za ta cije, kuma matuƙi ba shi da hannun da zai kai ya gyara a sama. Abin da yake da shi 'yan ƙananan harsasan ɗana bindiga ne guda uku, ya danna maɓalli ɗaya ya tashi ya sake ɗana ta. In ukun suka ƙare ba ta tashi ba, sai dai ya dawo gida. Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gabarmu, ta haɗu da maiko ta zama kamar ƙullu. In jirgi ya dawo daga harbi, tumbinsa baƙi ƙirin da hayaƙi, hannunka kwana biyu yana warin albarushi ko da wane sabulu ka wanke.

Sai gyaran saiti. A ɗaga jirgi a kan jak a daidaita shi, a kafa allo can gaba da alamomi, a zura ɗan madubin hange a cikin bakin bindiga, a yi ta gyara har inda baki ke kallo da inda ma'aunin matuƙi ke kallo su dace. In wannan ya kauce da kaurin gashi a ƙasa, a sama mita da yawa ne. Kuma doka ta farko da ake koya wa yaro: ba a gifta gaban jirgi mai harsashi, ko da ka rantse an kashe komai.

DanKubwa
Allah Ya ƙara lafiya Baba. Irin wannan ba a samun sa a Google.

Hadiza_Wuse2
Baba, barka da zuwa, Allah Ya ja kwana. Dokar nan taku ta tuna mini da abin da ya faru a Beljiyam a Oktoban 2018, a sansanin Florennes. Ana cikin gyaran F-16 bindigarsa ta tashi a ƙasa, ta sami wani F-16 da aka cika da mai yana shirin tashi, ya ƙone ƙurmus.

MamanIlham
Ni tambayata ta gefe ce, ku yi haƙuri. Mun zauna a Maiduguri kusa da filin jirgi kafin mu dawo Abuja, lokacin da abin ya yi tsanani. Da asuba in suka tashi har kwanukan kicin sai sun amsa, yara tun suna firgita har suka saba suna rige-rigen fita kallo. Abin da nake ta tunani tun lokacin, kwanson harsashin nan ina yake zuwa? Kan mutane yake zubowa?

TsohonSoja_Mararaba
'Yata, a namu na Rasha waje yake zubowa, amma a inda aka yi harbin, ba a kan gari ba.

Injiniya_Gwarinpa
Ƙari a kan maganar Baba: F-16 da A-10 ba sa zubarwa, kwanson yana zagayawa ya koma cikin gangar da ya fito. Dalili biyu ne, kada inji ya shaƙe shi ko ya bugi jikin jirgin, kuma kada nauyin gaba ya ragu da yawa lokaci guda. Turawan Ingila sun sha wannan wahalar da jirginsu Hawker Hunter: maƙalan jigida suna faɗowa suna fasa masa tumbi sai da aka yi musu ma'ajiya, hayaƙin bindigar kuma yana shiga inji yana sa shi tari. MiG-27 ya fi kowa shan wuya, igwarsa mai baki shida ta milimita 30 girgizarta har fitilun sauka take fasawa, ta kashe na'urori.

Yaro_Nyanya
Hhhh jirgi yana dukan kansa da kansa

AbuSafwan
Ai akwai wanda ya harbi kansa ma, ba wasa ba. A Satumban 1956 wani matuƙin gwaji na kamfanin Grumman, Tom Attridge, ya yi harbi da F11F Tiger, sannan ya ƙara sunkuyar da hanci ya ƙara wuta. Harsasan iska ta rage musu gudu suna gangarowa, shi kuma ya bi ta ƙarƙashinsu ya cim musu. Suka fasa masa gilashi suka lalata inji, ya faɗi da jirgin amma ya rayu. A Janairun 2019 ma wani F-16 na Holan ya ci harsashin kansa a wurin atisaye, ya dai samu ya sauka lafiya.

Alhaji_Dei_Dei
Duk kun tafi Amurka da Rasha. Namu fa? Jiragen Tucano da aka sayo da kuɗi masu yawa, wace bindiga ke jikinsu? Ni abin da ya dame ni ke nan, don hanyar Kaduna nake bi.

Injiniya_Gwarinpa
Alhaji, A-29 Super Tucano guda 12 ne, shidan farko sun iso a Yulin 2021, mazauninsu Kainji. Farfela gare shi, ba jet ba ne, kuma da gangan aka zaɓe shi haka: yana tafiya a hankali, yana daɗewa a sama, ga sauƙin mai. Bindiga biyu gare shi ta milimita 12.7, ɗaya a cikin kowane fiffike, ban da bam da roka masu bin hasken leza. JF-17 guda uku da aka karɓo daga Pakistan a 2021 suna da GSh-23 mai baki biyu, jinin wadda Baba ya yi aiki da ita. L-39ZA na Kano ma ita ce a ƙarƙashinsa. F-7 na Chana igwar milimita 30 yake ɗauka. Alpha Jet kuwa, wanda ya yi mana aiki tun daga Laberiya zamanin ECOMOG, ba shi da bindiga a ciki, akwati ake ɗaura masa a tumbi, Faransawa suka sa wa nasu DEFA ta 30, Jamusawa suka sa Mauser ta 27.

Kuma a nan ne nake ganin tambayar Malam Bala ta sauka a inda ba ta zata ba. Mu ba mu da abokin gaba mai jirgin yaƙi. Abokin gabarmu yana kan babur ne a ƙarƙashin bishiya. Makamin da ke harbo jirgi daga kilomita 100 ba abin da zai yi masa.

DanKubwa
F-7 ɗin nan ba su ne suka yi karo a Katampe ba?

AbuSafwan
Su ne, Satumban 2018, suna gwajin faretin ranar 'yancin kai. Squadron Leader Bello Baba-Ari ya rasu a ciki. Allah Ya jiƙansa.

MamanIlham
Amin ya Rabbi.

Hadiza_Wuse2
Amin. Injiniya, sharaɗin da na ce ina da shi ke nan, amma shi ma ba kyauta ba ne. Kafin ka harbi ƙasa da bindiga sai ka sauko, ka miƙe hanci a kan abin da kake nufi na 'yan sakanni, a tazarar kilomita 1 zuwa 2. Wannan tazarar kuwa ita ce daidai inda bindigar kakkaɓo jirgi da suke ɗaurawa a bayan Hilux ke kaiwa. Ku tuna 18 ga Yulin 2021, 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a tsakanin Zamfara da Kaduna, Flight Lieutenant Abayomi Dairo ya fice da lema, ya yi ta ɓuya a daji har ya kai ga sojoji. Allah Ya kiyaye shi, amma jirgin ya tafi. Bam mai bin leza daga can sama ake sakin sa inda ba abin da zai kai gare ka.

Baffa_Zuba
Amma Hajiya bam ba ya tambayar suna. In ɓarayi sun cakuɗa da mutanen da suka sata, ko sojanmu suna taku kaɗan da su, ai gara bindiga.

Injiniya_Gwarinpa
Baffa ya taɓo wurin. Dalilin da ya sa Amurkawa suka koma harbin ƙasa da F-15E da F-16 a Afganistan ke nan, in nasu sun yi kusa da abokan gaba har ba a iya sakin bam. Ingila ma ta so ta cire bindigar Typhoon don tsimin kuɗi, sai aka ga in an cire dole a sa wani nauyi a gurbinta don jirgin ya daidaita, aka bar ta a ciki ba a amfani da ita, daga baya kuma aka dawo aka ce a fara horo da ita.

Hadiza_Wuse2
Ban musa ba. Amma kada mu ɗauka bindiga ce maganin kuskure. Abin da ya faru a Rann a Janairun 2017, da aka jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, matsalar tantance wa ke ƙasa ce. Matuƙin da aka ba bayanin da ba daidai ba, ko me ke hannunsa ɓarna zai yi. Harsasan nan ma ba a rami ɗaya suke sauka ba, warwatsuwa suke yi a fili mai faɗi, wasu su daki ƙasa su yi tsalle.

Alhaji_Dei_Dei
Ni dai ko da gwafa ce a kore su daga hanya. Mutum ya fita da asuba iyalinsa na salati har ya dawo.

Oga_Sule_Mpape
Ana maganar makamin dala dubu ɗari huɗu mu muna neman kuɗin mudun shinkafa. Wannan ƙasa!

Mai_Kula_Da_Zaure
Jama'a a tsaya a kan batu don Allah. Maganar tsadar kaya tana da nata wurin.

MalamSabo_Karu
Ranka ya daɗe, maganar Oga Sule ba ta fita daga batu ba sosai, don kuɗi ne ya dawo da bindiga cikin hira a 'yan shekarun nan. Jirgi marar matuƙi irin Shahed na Iran ana ƙiyasta kuɗinsa tsakanin dala 20,000 da 50,000. Sidewinder na yanzu ya haura dala 400,000, kuma yawanci jirgi bai fi ya ɗauki shida ko takwas na makaman sama ba. In aka turo maka ɗari a dare ɗaya fa? Harsashi ya fi komai araha.

Hadiza_Wuse2
Araha a takarda, Malam. A daren da Iran ta turo wa Isra'ila ɗaruruwan jirage marasa matuƙa da makamai a Afrilun 2024, wani F-15E na Amurka makamansa sun ƙare, matuƙan suka sauko cikin duhu suka gwada bindiga a kan ɗaya. Ba su same shi ba, kuma su da bakinsu suka ce haɗarin dukan ƙasa ya yi yawa, ba su sake gwadawa ba. Shahed gudunsa bai kai kilomita 200 a awa ba, kai kana tafe da ninkin wannan sau uku, kafin ka daidaita saiti ka iso kansa. In ka same shi kuma, bam ne ya fashe a gabanka, cikin tarkacen za ka ratsa. Haka Yukren ta rasa MiG-29 a kusa da Vinnytsia a Oktoban 2022, tarkacen wanda ya harbo ne ya dake shi. Shi ya sa Amurkawa suka koma ɗaura wa F-16 ƙananan rokoki na milimita 70 masu bin leza, sun fi makami araha, sun fi bindiga nisa.

AbuSafwan
To amma Yukren ɗin ce kuma ta sanar cewa a Disamban 2024 wani matuƙinta na F-16 ya harbo makamai masu linzami shida a tashi ɗaya, huɗu da makamansa, biyun ƙarshe da bindiga bayan makaman sun ƙare. Da an bi shawarar Malam Bala an zuba mai a gurbinta, da biyun nan sun sauka a kan gari.

Bala_Lugbe
Na karanta komai. Na gode wa Baba musamman. Amma ku duba misalan da kuke kawowa: babur, jirgi marar matuƙi, saukar ungulu, makamin da ba ya kaucewa. Ba wanda ya kawo mini jirgin yaƙi na zamani da ya harbo ɗan'uwansa da bindiga a 'yan shekarun nan. In aikin korar babura ne, a ba Tucano, shi ya dace. Ni maganata a kan jirgin dala miliyan 80 ce, a ce ya sauko inda mai Hilux zai iya taɓa shi. Har yanzu ban ga hikimar ba.

Injiniya_Gwarinpa
Akwai aikin da ba ka lissafa ba: tare jirgin da ya shigo sararin ƙasa ba izini. Da makami mai linzami abu biyu ne, ko ka kashe ko ka ƙyale. Da bindiga kana iya zuwa gefensa ka saki 'yan harsasai masu haske ya gani ya san ba wasa. Sannan harsashi ba ya jin ruɗin rada, ba ya bin tartsatsin wutar da jirgi ke watsawa don yaudarar makami. Nauyinta kuma ba wani abu ba ne, GSh-30-1 ta Rasha mai baki ɗaya kilo 50 ce ko ƙasa da haka, Vulcan ta ɗan haura 100.

Hadiza_Wuse2
Bindigar kaɗai ke nan, Injiniya. Saka ganga da harsashi da ƙarfafa jikin jirgi da ƙofar da ke rufe bakin don rada kada ta gani, sannan ka saka awannin horon da matuƙi zai ci kafin ya iya, da irin yinin da su Baba ke yi a kanta.

TsohonSoja_Mararaba
'Yata Hadiza, yinin nan ba mu taɓa jin ƙyashinsa ba. Ni dai matuƙan da na sani, in ka ce wa ɗaya yau bindigarsa ba ta da lafiya amma sauran komai lafiya, sai ka ga fuskarsa ta canja, ko da ya san ba zai taɓa ta ba.

Yaro_Nyanya
Baba don Allah tambaya ɗaya, tsakanin mai baki shida ta Amurka da mai baki ɗaya ta Rasha wacce ta fi?

MalamSabo_Karu
Kafin Baba ya amsa: mai baki shida sai ta ɗauki kusan sulusin sakan tana juyawa kafin ta kai cikakken gudu, mai baki ɗaya tun harsashin farko a gudunta take, kuma ƙwayar milimita 30 ta Rasha ta kusa ninka ta 20 sau huɗu a nauyi. A harbin rabin sakan ratar ba ta kai yadda lambobin ke nunawa ba. Sai dai bakin ta Rashan harsashi wajen 2,000 yake ci a canja shi, zafin duk a kansa yake sauka shi kaɗai.

AbuSafwan
Wannan sabuwar rigima ce, a buɗe mata nata zaren. Kuma in an buɗe a sa Mauser ta 27 a ciki, don ni a wurina ta fi su duka biyun.

Injiniya_Gwarinpa
Da wace hujja?